Damben mutum-mutumi: Wasan da ke neman fage a ƙasar Hausa

A shekarar 2022 wani matashi ɗan shekara 17 a Kano, Isah Auwal Barde, ya ja hankalin jama'a da mutum-mutumin da ya ƙera, wanda ke kwaikwayon motsin mai sarrafa shi. Shekara biyu ya yi yana haɗa shi da ƙananan injinan lantarki da wayoyi da bututu da kwali.

A Amurka da Ingila, masu irin wannan baiwa suna da wurin gwada ƙwanji: damben mutum-mutumi, inda kowa ke tsayawa gefe da rimot yana tuƙa na'urarsa ta ragargaza ta abokin karawa.

Marc Thorpe ne ya fara shirya gasar Robot Wars a birnin San Francisco a 1994, BBC ta soma nuna tata a 1998, sannan BattleBots ta biyo baya a 1999. A BattleBots ba a yarda na'ura ta wuce kilo 113 ba, kuma minti uku ake karawa cikin keji mai kauri. Wata na ɗauke da ƙarfe mai juyawa, wata guduma, wata kuma takan shiga ƙarƙashin abokiyar karawa ta wurgar da ita. Wadda ta kasa motsi ta faɗi. Idan lokaci ya cika, alƙalai su yanke hukunci.

Manyan suna cin kuɗi sosai, amma akwai ƙananan rukunai: na giram 150 da ake yi a Ingila, da na kusan kilo ɗaya da rabi. Abin da ake buƙata shi ne ƙananan injina, batir, na'urar daidaita gudu, da rimot, kayan da mai gyaran waya ko rediyo ba zai yi baƙunta da su ba. Sai dai batirin lithium na iya kamawa da wuta idan ya huje, ƙarfe kuma na fallatsa, shi ya sa ba a karawa sai cikin rufaffen akwati.

Harkar ba ta rasa haɗarin asara. Silas Adekunle, haifaffen Legas, ya kafa kamfanin Reach Robotics a Bristol tare da abokansa, suka ƙera MekaMon, mutum-mutumin faɗa mai ƙafa huɗu da ake sarrafawa da wayar salula. A 2017 ya shiga shagunan Apple, amma a 2019 kamfanin ya rufe.

Duk da haka, wanda aka farfasa masa na'ura yakan koma ya gano inda ta gaza, ya sake walda, ya sake lissafi. A nan ake koyon aikin injiniya.

Daga Kano har Kelle ta jihar Damagaram, yara sun daɗe suna ƙera motar kara da ta gwangwani. Nijar kuma tun 1975 take shirya gasar kokowa ta ƙasa, inda zakara ke tafiya da takobi. Ƙira da karawa duk ba baƙi ba ne. Abin da ya rage shi ne makaranta ko ƙungiyar matasa da za ta haɗa akwati, ta tsara ƙa'ida, ta sa ranar gasa.