Sirrin Sautin Hijaz A Kan Jita

Kwanakin baya wani ƙanena ya shigo ɗakina rungume da jita, fuskar nan tasa a murtuke kamar wanda aka yi wa kwace. Wai ya tsara wa budurwarsa waƙa, saura mako biyu baikonsu, amma duk lokacin da ya ɗora kiɗa sai muryarsa da jitar su kama faɗa. Na ce rera in ji. Yana farawa na gano bakin zaren. Yaron nan ya sha sauraron waƙoƙin Larabawa, karin da ya fito daga bakinsa shi ne wanda suke kira Hijaz, shi kuwa haɗin sautin da ya haddace, wato C da G da Am da F, na wani gida ne daban.

To, mene ne Hijaz? Tsanin sauti ne mai hawa bakwai, sunansa kuma na yankin nan ne na ƙasar Saudiyya. Ɗauki jitarka, ka kama tsirkiya mafi kauri. Buga ta a sake, E kenan. Sai ka danna gida na 1, na 4, na 5, na 7, na 8, na 10, ka dire a na 12. Abin da ka taka shi ne E, F, G#, A, B, C, D, sannan E kuma. Ka lura da tsallen nan daga gida na 1 zuwa na 4? Nan gizo ke saƙar. A tsanin do-re-mi da aka saba, ba a tsallake fiye da gida biyu, amma Hijaz ya tsallake uku, shi ya sa da an ji shi sai zuciya ta karye da bege.

Yanzu ga yadda ake gina haɗin. Dokar ba wuya: ɗauki ɗaya, tsallake ɗaya, har ka tara uku. Daga E za ka sami E, G#, B, wato E ɗin nan da kowane ɗan koyo ya sani, kuma shi ne maigida. Daga F, ga F, A, C. Daga A, ga A, C, E, wanda ake rubutawa Am. Daga D, ga D, F, A, wato Dm. Waɗannan huɗun su ne 'yan gida. Ragowar ukun, na G# da na B da na C, suna da ɗaci a kunne, ratsawa ake yi ta kansu, ba a zama.

Ka ga inda ƙanena ya yi tuntuɓe? Haɗin C da na G duk suna ɗauke da sautin G, alhali muryarsa tana kan G#. Gida ɗaya tak ke tsakaninsu, sun zama kamar kishiyoyi a ɗaki ɗaya.

Akwai wata dabara da makaɗan filamenko na ƙasar Sifen suke ji da ita, kiɗan da marigayi Paco de Lucía, wanda ya rayu daga 1947 zuwa 2014, ya kai ko'ina a duniya. Kama E, sannan ka zame yatsunka gida ɗaya gaba ba tare da ka canza kamun ba, sauran tsirkiyoyin ka bar su a sake. Duk sautin da zai fito yana cikin tsanin nan. Je ka dawo tsakanin biyun a hankali, za ka ji tsigar jikinka ta tashi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce. Larabawa ba su gina kiɗansu na asali a kan haɗin sauti ba, kari ɗaya suke bi. Molonsu da suke kira ud ba shi da sandunan ƙarfe a wuya, don haka sukan ɗan ɗaga sauti na biyu, su ɗan sauke na uku, abin da jita ba za ta iya ba sai an ja tsirkiya. Saboda haka kada ka cika wa waƙar kaya. Haɗi biyu ko uku sun isa, ka bar murya ta yi aikinta.

Ƙanen nawa dai ya zauna a kan Dm, F da E. Ranar baikon ya rera a gaban ƙawayenta, yarinyar ta rufe fuska da gyale tana murmushi. Allah Ya bar ƙauna. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.