Yadda shugabanci ya ɗaga kamfanin Nokia, ya kuma durƙusar da shi

Lokacin da layukan GSM suka fara aiki a Najeriya a 2001, burin mai sayen waya bai wuce Nokia ba, daga 3310 mai jure faɗuwa zuwa 1100 mai tocila. A yau wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya fi jin ana cinikin Tecno da Itel da Infinix da Samsung.

Tashin Nokia da faɗuwarsa duk sun samo asali ne daga shawarar da shugabanninsa suka yanke.

Kamfanin ya soma ne a ƙasar Finland a 1865 da sarrafa takarda, daga baya ya shiga harkar roba da wayoyin lantarki da talabijin. Da Jorma Ollila ya karɓi ragamarsa a 1992, sai ya riƙa sayar da sauran sassan, ya mayar da hankali kan sadarwa kaɗai. Zuwa 1998 Nokia ya wuce Motorola, ya zama na ɗaya a duniya wajen ƙera wayar hannu. A ƙarshen 2007, cikin kowace waya goma da aka sayar a duniya, kusan huɗu nasa ne.

A wannan shekarar ce Apple ya fito da iPhone, sannan wayoyin Android suka biyo baya a 2008. Gasar ta koma kan manhaja, amma shugabannin Nokia suka ci gaba da dogaro da Symbian, wadda ta kasa tafiya da zamanin latsa fuskar waya.

Wasu masana biyu, Timo Vuori da Quy Huy, sun tattauna da manajoji da injiniyoyin kamfanin, inda suka gano cewa tsoro ya yi tasiri sosai. Manya suna tsoron abokan gasa da masu hannun jari, ƙananan manajoji kuma suna tsoron manya, don haka suke ɓoye matsalolin manhajar, suna kai rahoto mai daɗin ji.

A watan Fabrairun 2011 sabon shugaba, Stephen Elop, ya zaɓi manhajar Windows Phone ta Microsoft maimakon Android. Ya sanar da barin Symbian tun kafin sababbin wayoyin su iso kasuwa, sai ciniki ya faɗi. Samsung ya ƙwace kambun a 2012, kuma a 2013 Nokia ya amince ya sayar wa Microsoft sashen wayoyinsa kan euro biliyan 5.44.

Kamfanin bai mutu ba. Ya koma ƙera kayan aikin da kamfanonin sadarwa ke amfani da su, har ya saye Alcatel-Lucent a 2016.

Darasin ya shafi mai ƙaramar masana'anta da mai shago ma. Idan yaran shago suna shakkar gaya wa maigida cewa kaya sun daina tafiya, to zai ji labarin ne bayan kwastomomi sun riga sun koma wani wuri.