Mita nawa mota ke ci cikin daƙiƙa ɗaya?

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa zama gaban mota kusa da direba, to ka ga wani abu mai kama da agogo a gabansa. Yana da allura da lambobi: 20, 40, 60, 80, 100. Babur ma yana da irinsa. Wanga agogo gudun mota yake aunawa. In allura ta tsaya bisa 60, ma'ana in motar ta ci gaba da wanga gudu har awa ɗaya, za ta yi kilomita 60. A gajarce ana rubuta shi haka: km/h. Harafin h yana nufin awa.

Wanga awo yana da amfani ga matafiyi. Daga Madawa zuwa Birnin Ƙonni akwai wajen kilomita 90. Motar da ta riƙe gudun 90 za ta kai cikin awa ɗaya. Wadda ta riƙe 60 sai ta yi awa ɗaya da rabi.

Amma mai ƙetare hanya bai da awa ɗaya a hannunsa. Ƴan daƙiƙoƙi kawai gare shi. Mutumin Azarori da ya zo cin kasuwa Madawa yakan iske babbar kwalta, hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Ƙonni da Galmi da Madawa, ta wuce Maraɗi da Damagaram. Bisa wagga hanya akwai manyan motocin fasinja, da motocin albasa, da masu ɗauko siminti daga Malbaza. Wanda ke tsaye bakin kwalta da kaya a kai, abin da yake bukatar sani shi ne: mita nawa motar can ke ci cikin daƙiƙa ɗaya? Shi wanga awo ana rubuta shi m/s. Shi za mu koyi fiddawa a yau.

Abin da ya kamata ka riƙe tukuna

Kilomita 1 mita 1000 ne. Babban taki na namiji baligi ya kusa mita ɗaya.

Awa 1 minti 60 ce. Minti 1 daƙiƙa 60 ne. Daƙiƙa ita ce wasu ke ce wa sakan. In kana zaune kana hutawa, zuciyarka takan buga sau ɗaya ko fiye kaɗan cikin daƙiƙa ɗaya.

To, daƙiƙa nawa ke cikin awa? 60 sau 60, ya ba da 3600. Dubu uku da ɗari shida kenan.

Kada wanga juyi ya ba ka tsoro. Kullum kana yin irinsa a kasuwa. In ka ga an rubuta 500 bisa kuɗi, ka san dala ɗari ce. In ka ga 100, dala ashirin. Kuɗin ɗaya ne, ƙirgar ce ta sake. Gudun mota ma haka yake. Ko an faɗe shi da kilomita da awa, ko da mita da daƙiƙa, gudun dai shi ne.

Yadda ake lissafin

Mu ɗauki babur mai gudun kilomita 36 a awa.

Kilomita 36 mita 36000 ne. Ya yi su cikin daƙiƙa 3600. Sai mu raba mitocin ga daƙiƙoƙin, kamar yadda ake raba hatsi ga mutanen gida. 36000 a raba gida 3600, kowace daƙiƙa ta samu mita 10.

Ka ga kenan, kilomita 36 a awa daidai yake da mita 10 a daƙiƙa. Wanga shi ne tushen lissafin gaba ɗaya. In ka riƙe 36 da 10, ka riƙe komi.

In kana so ka juya kilomita a awa zuwa mita a daƙiƙa, ka ninka lambar sau 10, sannan ka raba gida 36. Misali, mota mai gudun 90: 90 sau 10 ya ba da 900. 900 a raba gida 36 ya ba da 25. Motar tana cin mita 25 kowace daƙiƙa.

In kuma baya kake so ka koma, sai ka juya aikin: ka ninka sau 36, ka raba gida 10. Misali, mita 20 a daƙiƙa: 20 sau 36 ya ba da 720. A raba gida 10, saura 72. Kilomita 72 a awa kenan.

Ɗiyanka da ke lakwal za su ce maka an koya musu a raba da 3,6 ko a ninka da 3,6. Duk abu ɗaya ne da namu.

Ga wasu lambobi da suka faɗa daidai, ka kwafe su cikin littafinka:

Kilomita 18 a awa: mita 5 a daƙiƙa.
Kilomita 36 a awa: mita 10 a daƙiƙa.
Kilomita 54 a awa: mita 15 a daƙiƙa.
Kilomita 72 a awa: mita 20 a daƙiƙa.
Kilomita 90 a awa: mita 25 a daƙiƙa.
Kilomita 108 a awa: mita 30 a daƙiƙa.

Duba da kyau. Duk lokacin da aka ƙara 18 a gefe ɗaya, an ƙara mita 5 a ɗaya gefen.

Lissafin ka, ba alƙalami

A bakin hanya ba mai tsayawa ya raba gida 36. Akwai gajeriyar dabara. Ka cire sifiri na ƙarshe, ka ninka abin da ya rage sau 3. Gudun 50: 5 sau 3, mita 15. Gudun 60: 6 sau 3, mita 18. Gudun 90: 9 sau 3, mita 27. Amsar takan ɗara ta gaskiya kaɗan, don ainihin na 50 wajen mita 14 ne, na 90 kuwa 25. Wanga ƙari bai da illa. Gara ka ɗauka motar ta fi haka sauri da ka raina ta.

Mi wanga lissafi ke gaya wa mai ƙetare hanya?

Faɗin kwalta mai hannu biyu wajen mita 7 ne. Lafiyayyen mutum mai tafiyar kilomita 5 a awa yana yin mita ɗaya da kusan rabi a daƙiƙa. Zai ƙetare cikin daƙiƙa 5. Tsohuwa da ƙwarya a kai, ko mace mai goyo tana janye da yaro, mu ce mita ɗaya a daƙiƙa. Ita sai ta yi daƙiƙa 7.

Yanzu dubi mota mai gudun 90. Cikin daƙiƙa 5 ta ci 25 sau 5, mita 125. Cikin daƙiƙa 7 ta ci mita 175. Tsawon filin ƙwallo wajen mita 100 ne. Ashe motar da tsohuwa ta hango can nesa da tsawon fili ɗaya da rabi, tana cewa da sauran lokaci, za ta iso kafin ta gama ƙetarewa. Ido yana ganin nisa, amma ba ya iya auna gudun abin da ya fuskanto shi. Da dare abin ya fi muni, don fitila kawai ake gani.

Mai amalanken jaki da mai kora awaki su suka fi bukatar wanga lissafi. In ƙetarewar garke za ta ɗauki daƙiƙa 20, motar tana cin 25 sau 20, mita 500. Rabin kilomita kenan. In akwai kwana ko tudu da ya tare maka gani, ka nemi wani wuri inda ake hango nesa ta gabas da yamma.

Wani saurayi zai ce, ai ni sheƙawa zan yi da gudu. To, ji wanga. A shekara ta 2009, a birnin Balin na ƙasar Jamus, Usain Bolt ɗan ƙasar Jamaika ya yi tseren mita 100 cikin abin da bai kai daƙiƙa 10 ba. Mita 10 da ɗan ɗori kenan a daƙiƙa, wato wajen kilomita 37 a awa. Shi da duniya ta sallama wa a gudu, babur mai 40 ya wuce shi. Balle mu, da takalmin roba bisa kwalta.

Mi yake gaya wa direba da ɗan kabu-kabu?

Ido ya gani, hankali ya gane, ƙafa ta taka birki. Wanga duka yakan ɗauki wajen daƙiƙa ɗaya ga mutum mai natsuwa. Ga wanda ya gaji ko yake gyangyaɗi, ya fi haka. Cikin wagga daƙiƙa mota ba ta rage gudu ko kaɗan ba. Mai gudun 30 ya ci mita 8. Mai 50 ya ci mita 14. Mai 90 ya ci mita 25. Duk kafin birki ya fara aiki.

Bayan an taka birki ma, mota sai ta ƙara ja kafin ta tsaya. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: in gudu ya ninka sau biyu, tazarar birki tana ninkawa sau huɗu. Ƙaramar mota mai birki da tayoyi masu kyau, bisa busasshiyar kwalta, in tana gudun 30 takan tsaya cikin abin da bai kai mita 15 ba. In 50 ne, kusan mita 30. In 90 ne, wajen mita 70 ko fiye. Babbar mota shaƙe da buhunan albasa ta fi haka nesa. Bisa hanyar ƙasa mai tsakuwa, ko in ruwa ya jiƙa kwalta, tazarar tana ƙaruwa.

Mu ce yaro ya faɗo hanya yana bin akuya, mita 15 gaban mota. Mai gudun 30 zai iya tsayawa kafin ya kai gare shi. Mai gudun 50 kuwa, daidai lokacin da ƙafarsa ta taɓa birki saura wajen mita ɗaya kawai tsakaninsa da yaron. Bisa agogon mota bambancin 20 ne kawai. Bisa hanya kuwa ran ɗan mutum ne. Shi ya sa ake kafa allo mai zagayen ja da lamba a ciki a mashigar gari da kusa da lakwal da kasuwa. Lambar nan ita ce iyakar gudu, da kilomita a awa.

Kai mai babur, in kana gudun 54 ka duƙa ka duba salula daƙiƙa 2 kacal, ka yi mita 30 kamar idonka a rufe. Ka tsaya gefe ka amsa kira, sannan ka wuce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na shekara ta 2023 cewa wajen mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, irinmu. Kuma in an dubi yawan jama'a, Afirka ta fi kowane yanki yawan wanga rashi.

Ku gwada da kanku

Ku samu wuri miƙaƙƙe a gefen hanya, nesa da kwalta kaɗan. Ku auna manyan taki 100, ku aje dutse a farko da ƙarshe. Mutum ɗaya ya riƙe agogo ko salula. In mota ta zo, ku ƙirga daƙiƙa nawa ta yi tsakanin duwatsun biyu. Sai ku raba 100 da yawan daƙiƙoƙin. In ta yi daƙiƙa 10, mita 10 ne a daƙiƙa, wato 36. In 5 ta yi, mita 20, wato 72. In 4 ta yi, mita 25, wato 90. Da wanga lissafi mutanen gari za su iya zuwa wurin maigari ko magajin gari da lambobi a rubuce, in suna neman a kafa musu allo ko a yi tudun rage gudu.

Da damina ma akwai gwaji. Ƙara tana tafiya wajen mita 340 a daƙiƙa cikin iska. In ka ninka sau 36 ka raba gida 10, ka samu kilomita 1224 a awa. Haske kuwa nan take yake isowa. In ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 wajen kilomita ɗaya ce. In tsawa ta biyo da wuri, hadari ya kusa. Ka bar gona, kuma kada ka fake ƙarƙashin itace.

Ka koya wa mutanen gidanka wanga lissafi, musamman yara da ake aike kasuwa. Jiran daƙiƙa 10 a bakin kwalta bai hana kowa cin kasuwa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya, amin.

Tambayoyi

1. Daƙiƙa nawa ke cikin awa ɗaya?
2. Mota tana gudun kilomita 72 a awa. Mita nawa take ci cikin daƙiƙa ɗaya? Cikin daƙiƙa 6 fa?
3. Mai keke yana yin mita 5 a daƙiƙa. Kilomita nawa kenan a awa?
4. Da lissafin ka, mita nawa mai gudun 80 ke ci a daƙiƙa?
5. Ka ga walƙiya, tsawa ta biyo bayan daƙiƙa 9. Kilomita nawa tsakaninka da ita?