Gero Shi Kaɗai Ba Ya Gina Yaro

A ƙasar Gobir, daga Isa zuwa Sabon Birni har bakin iyakar Nijar, da wuya manomi ya bar gero shi kaɗai a gona; sai ya ratsa masa wake. Fura ma ba ta cika fura sai an dama ta da nono. Wannan tsohon haɗi yana da hujja a kimiyya, kuma hujjar tana cikin wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid.

Tsoka, fata, gashi, garkuwar da ke yaƙar cuta, har sinadaran da ke narkar da abinci a ciki, duk da furotin aka gina su. Shi kuwa furotin jeri ne na amino asid, an tsire su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi, sannan jerin ya nannaɗe ya ɗauki siffar da zai yi aiki da ita. Iri 20 ne jikin mutum ke aiki da su. Idan ka ci ƙosai, ciki da hanji su kwance jerin, jini ya kwashe, jiki ya sake jerawa yadda yake bukata.

Tsarin jerin ba abin wasa ba ne. Ciwon sikila da ke wahalar da gidaje da yawa, asalinsa amino asid guda ɗaya tak ne ya sauya. A ɗaya daga cikin jerin furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini, mai amino asid 146, na shida ne ya zama balin maimakon gulutamik asid. Vernon Ingram ne ya gano haka a Ingila a 1957.

Cikin 20 ɗin nan, jiki na iya haɗa 11 da kansa. Sauran 9 dole sai daga abinci. A nan gero ya gaza. Shi da dawa da masara suna da ƙarancin laisin, ɗaya daga cikin taran. Wake kuwa, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, yana da laisin a wadace, sai dai metiyonin ɗinsa, wanda shi ma yana cikin taran, kaɗan ne, shi kuma gero yana da shi. Kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Nono, ƙwai, nama, kifi, har da farar da ake soyawa a kasuwa, suna ɗauke da duka taran. Jiki kuma ba ya tara amino asid yadda yake tara kitse. In ɗaya ya yanke, gini ya tsaya, sauran a ƙona su a matsayin kuzari kawai.

Shi ya sa ɓarnar 'yan bindiga a yankin nan ba ta tsaya kan rayuka da dukiya ba. An kore shanu, nono ya yi wuya. An hana noma, wake ya yi tsada. Uwar da ke gudun hijira ta koma ba yaro kunu tsura safe da yamma. Cikinsa ya cika, amma ba ya girma. Tun 1933 likita Cicely Williams ta bayyana irin wannan a Ankara ta ƙasar Gana, cikin yaran da aka yaye da kunun masara: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja. Abincin leda da ake ba masu tamowa a asibiti ma, ƙashin bayansa gyaɗa ce da garin madara.

Don haka magidanci, in kaka ta yi, kada ka kai waken duka kasuwa. Ware na gida tukuna. Uwa kuma, daga wata shida, tana ci gaba da shayarwa, ta riƙa sa garin wake, waken suya ko gyaɗa a kunun yaro. In ta ga ƙafafunsa sun kumbura, wannan ba ƙiba ba ce, a kai shi asibiti a ranar.