Yadda ake rainon sababbin marubuta da ba su amana a Wikipedia ta Hausa

Duk wanda ya nemi bayani da Hausa a intanet kan Masarautar Dutse, ko kasuwar Shuwarin, ko zanen duwatsun Birnin Kudu, zai iya faɗawa shafin Wikipedia. Masu rubuta waɗannan maƙaloli 'yan sa-kai ne da ba sa karɓar albashi, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ma'aikaci a sakatariyar jiha zai iya buɗe asusu yau ya fara gyara. To wa ke tantance aikinsa?

Tsarin bai yi nisa da abin da aka saba a kasuwa ba. Ba a damƙa wa sabon yaron shago makullin sito ranar da ya zo, kamar yadda ma'aikacin gwamnati kan yi shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi. A Wikipedia ma mataki-mataki ake hawa. Sabon asusu kan yi kwana 4 kafin manhajar ta buɗe masa wasu ƙofofi, a sashen Ingilishi kuwa sai ya haɗa da gyara 10. Kowane gyara yana nan a tarihin shafin da sunan mai shi, ana iya mayar da shi idan ya yi ɓarna. Akwai kuma tsarin haɗa sabon shiga da wani gogagge da zai riƙa amsa tambayoyinsa.

Ikon goge shafi ko dakatar da mai ɓarna yana hannun masu gudanarwa. Mai neman wannan matsayi kan gabatar da kansa a fili, 'yan uwansa su duba aikinsa su faɗi ra'ayinsu. A ƙananan sassa, sau da yawa na 'yan watanni ake bayarwa da farko, sannan a sabunta.

Sakaci a nan yana da tsada. A watan Agustan 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda bai iya harshen Scots na ƙasar Sikotilan ba, ya rubuta dubban maƙaloli a sashen harshen, har ya zama mai gudanarwa, saboda ƙarancin masu harshen da ke dubawa. A watan Maris na 2024 kuma, injiniya Andres Freund ya bankaɗo wata ɓoyayyiyar kafar kutse a manhajar xz, wadda wani mai amfani da sunan Jia Tan ya dasa bayan ya shafe kusan shekara biyu yana neman yardar mai kula da ita.

Hausa na fuskantar irin haɗari na farko. Fassarar na'ura da ba a gyara ba, da rubutun da ya watsar da ɗ da ƙ da ɓ, suna iya zama abin da ɗalibai da manhajoji za su ɗauka a matsayin daidai. Horon yini guda yana kawo sababbin hannu, amma wanda aka goge masa maƙala ba tare da bayani ba da wuya ya dawo. Saboda haka ana buƙatar masu zama su duba, su gyara, su bayyana dalili. Malaman Hausa da 'yan jarida da ma'aikatan da suka yi ritaya a Dutse, Kiyawa da Jahun suna da abin da aikin ke nema: sanin harshe, sanin ƙasa da haƙurin koyarwa.