Kafin Ka Miƙa Karenka Ga "Dokta", Leƙa Cikin Jakarsa

Wata Asabar cikin watan Afrilu, rana na dukan ƙasa, wani saurayi ya faka babur a ƙofar gidan maƙwabcina. Farar riga a jikinsa, baƙar jaka a kafaɗa, yaran layi na kiransa dokta. Ya zo yi wa ɗan kwikwiyon gidan allurar riga-kafi karo na biyu. Ina tsaye ya zuge jakar, ya zaro 'yar kwalba daga cikin leda, tsakanin biro da cajar waya. Ba kula, ba ƙanƙara. Na ɗan taɓa kwalbar, ɗumi gare ta kamar ruwan butar da aka manta a tsakar gida. Ya zuƙa, ya soka, ya karɓi kuɗinsa, ya tada babur. Ba a yi wata guda ba kwikwiyon ya kama amai da gudawar jini mai ɗoyi, kwana biyu ya sheƙa. Alamun cutar fabo ke nan, wadda don gudunta aka biya kuɗin allurar.

Masu ajiye kare sun ƙaru a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, wasu don gadi, wasu don sha'awa, ga kuma mafarauta da tun kaka da kakanni ba sa rabo da shi. Masu cewa sun iya duba kare su ma sun ƙaru, kuma ba duka ne suka iya ba.

Likitan dabbobi na gaskiya karatun jami'a ya yi, a irin su Ahmadu Bello ta Zariya, ko Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko Jami'ar Maiduguri, ya fito da digirin DVM. Bayan haka sai ya yi rajista da hukumar VCN, wadda doka ta ɗora wa alhakin sa ido a kan likitocin dabbobi a Nijeriya. Yana da lambar rajista, kuma ba ya jin haushi idan ka tambaye shi ita. Wanda ka tambaya ya murtuke fuska, ya ce ai kowa ya san shi a garin nan, to ka samu amsarka. Akwai kuma malaman dabbobi da suka yi difloma, irin waɗanda kwalejin Vom ke yayewa. Suna da amfani ƙwarai, musamman a karkara inda likita ke wuyar samu, amma nagari a cikinsu ya san iyakarsa: ba ya yi wa kare tiyata, kuma zai faɗa maka likitan da yake aiki a ƙarƙashinsa.

Mu koma kan kwalbar nan, don a nan ne aka fi cutar mutane. Maganin riga-kafi sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga inda aka sarrafa shi har ya shiga jikin dabba. Zafi na rage masa ƙarfi, kuma ba za ka gane da ido ba, launinsa bai canza ba, takardarsa na nan. Saboda haka ka nemi ganin kula da ƙanƙara a ciki. Idan asibiti ka je, ba laifi ba ne ka tambayi abin da ke riƙe firjinsu idan an ɗauke wuta. Ka karɓi kwalbar ka karanta ranar da maganin zai lalace. A ɓare sabon sirinji a gabanka. Bayan an gama, a ba ka kati, a rubuta ranar da aka yi da ranar dawowa, a manna takardar jikin kwalbar, likita ya sa hannu ya buga hatimi. Kwikwiyo kan fara allura yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita masa bayan 'yan makonni, ta ciwon haukan kare kuma idan ya kai wata 3. Wanda ya ce maka allura ɗaya ta gama komai har abada, kuɗinka yake so.

Kada a ɗauka wannan duk don kare ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga cizon kare suke kamuwa. Yara sun fi shiga haɗari, su ne ke wasa da kare, su ne kuma ke ɓoye cizo don gudun faɗa. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da ƙyar ake tsira. Karen da aka yi wa lalatacciyar allura ya fi ba ni tsoro a kan wanda ba a yi wa ba, domin mai shi ya saki jiki, yana nuna kati, yana ce wa iyayen yaron da aka ciza su kwantar da hankali. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa wannan riga-kafi a cikin gida, kuma a jihohi da dama akan yi gangamin allura a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya.

Wata alamar ɗan na-iya ita ce saurin ba da magani. Likitan kirki zai auna zafin jikin kare, ya ɗaga leɓe ya duba launin dasashi, ya ɗora shi a sikeli, ya tambaye ka me ya ci, yaushe ya fara. Idan kaska ta yi masa yawa kuma dasashi ya yi fari, zai so a gwada jini. Shi kuwa wancan ta waya ma zai rubuta maka. Su ne ke cewa a ba kare maganin ciwon jiki na mutane, alhali ibuprofen na iya ɓarke masa ciki ya taɓa ƙoda, farasitamol kuma ya lalata hanta. Su ne ke wanke kare da fiya-fiya ko Sniper don kashe kaska, kare ya lashe jikinsa, ya hau dalalar da miyau yana makyarkyata. Araha dai ba ta ado.

Masu horar da kare kuwa, ka je ka ga aikinsu tukuna. Wanda ke horo da bulala da yunwa, ko ɗaure kare a ɗaki mai duhu wai don ya yi zafi, zai dawo maka da dabbar da ba ta bambance ɓarawo da ɗanka. Idan tafiyar Sallah ta kama ka za ka bar shi a wurin masu ajiya, ka yi musu dirar ba-zata kafin ranar. Duba inuwa, duba kwanon ruwa, hancinka zai ba ka labarin sauran. Wurin da bai nemi katin allurar karenka ba, bai nemi na sauran karnukan da zai kwana da su ba ke nan.

Idan kuma tsautsayi ya gifta kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibitin mutane a ranar, ba kyamis ba, ba wajen mai tofi kaɗai ba. Shi kuma karen kada a yi gaggawar kashe shi a jefar. A killace shi, likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10, a kai katinsa tare da wanda aka ciza.