Batirin da ba ya shan ruwa

Sau uku cikin wata guda keken ƙanena yana mutuwa a hanyar Kebbe, kuma duk sau ukun da kaya a bayansa. Na ukun ne ya tayar mana da hankali, don magariba ta kusa riskarsa a daji, kuma duk wanda ya san yankin nan a 'yan shekarun nan ya san ba hanyar da ake son dare ya yi wa mutum a kanta ba ce. Sai da wani mai babur ya jawo shi da igiya har Tambuwal.

Keken mai ƙafa uku ne na ɗaukar kaya, ƙirar Sin, ba ya shan fetur. Ya saye shi bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da kuɗin mai ya fara cinye masa ribar sufuri. Batura biyar ne a ƙarƙashin kujera, masu ruwa, kowanne bolt 12, an ɗaura wutsiyar wannan a kan wancan, jimilla 60. Yana ji da keken nan. Ya sa masa rediyo mai lasifika, ya rataya masa farin ƙwan lantarki da ke haskaka zaure idan an ɗauke wuta. Abin da ke nuna caji kuwa 'yan fitilu huɗu ne a gaban matuƙi, waɗanda ba sa mutuwa sai aikin gama ya gama.

Na sayo masa mita a Sakkwato, ƙarama kamar kwalin ashana, mai nuna bolt da kuma kaso cikin ɗari. A jikin kwalinta akwai hoton ƙaramar motar nan da ake yawo da ita a filin wasan golf. Ban kula da hoton ba. Mun cire makulli, muka ɗaura jan waya a jan kan batirin farko, baƙar waya a baƙin kan batirin ƙarshe, muka sa ƙaramin fiyus kusa da batir, sannan muka bi da wayar kunnawa ta makulli don kada mitar ta kwana tana shan wuta. Ta kama, ta nuna 100.

Bayan kwana huɗu ya kira ni daga bakin hanya. "Yaya, keke ya tsaya, kuma mitarka har yanzu ɗari take nunawa."

Da daddare na ɗauko kwalin na sake duba hoton. Motocin golf, a Amurka da sauran wurare, yawancinsu bolt 36 ko 48 suke aiki da shi, kuma a kan 48 aka saita mitar tun daga masana'anta. Batir mai bolt 12 idan ya cika ya huta yakan nuna wajen 12.7, ke nan huɗu sun tashi 50.8. Namu biyar ne. Ko an tatse su har kowanne ya sauka 10.5, jimilla 52.5 ce, wadda ta fi cikar batura huɗu. Don haka ko me ya faru ɗari za ta ci gaba da nunawa. Muka danna maɓallin bayanta muka mayar da ita kan batura biyar. Na kwanta ina ganin an gama.

Ashe da sauran rina a kaba. Yanzu mitar tana motsi, amma motsin mai rikitarwa. Da safe 100, kafin ya fita gari ta koma 85. A hawa da kaya ta faɗi 40, ya tsaya shan ruwa ta dawo 70. Wannan na san dalilinsa. Batirin da aka cire daga caja yanzu yana ɗauke da ƙarin ƙarfi na sama-sama da ke gushewa da an fara tafiya, kuma bolt yakan sunkuya idan ana jan wuta da yawa, ya miƙe idan an saki. Na ce masa kada ya yarda da lamba sai ya tsaya keken ya ɗan huta. Ya yi hakan, yana rubutawa a bayan littafin bashi. Duk da haka keken ya sake yankewa, mitar kuwa da ta huta ta nuna 60.

Kawunmu ya ce zafi ne. Maganarsa tana da tushe, don a Maris da Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, kuma batirin dalma rayuwarsa takan ragu kusan rabi a duk ƙarin digiri 10 sama da 25. Sai dai zafi tsufar da batir yake yi a hankali, waɗannan kuwa ba su shekara ba. Muka zargi caja, muka ari ta wani muka gwada, babu bambanci. Muka zargi ruwa. Ƙanena ya rantse bai taɓa zuba na rijiya ba, ruwan batir yake saye. Har ya ƙara da cewa huɗu daga ciki mashaya ruwa ne, na farkon ne kaɗai mai kirki, sai ya yi wata bai nemi ƙari ba.

Wannan maganar ce ta sa dattijon mai gyaran wayar mota da muka kai wa keken ya ajiye sufanarsa.

"Ɗana, wanne ne ba shi shan ruwa?"

Ya nuna masa. Dattijon ya ce a cika caji, a bar keken ya kwana, a dawo da safe. Da safe ya ɗauko abin awonsa ya bi baturan ɗaya bayan ɗaya. Huɗu sun nuna 12.7. Na farkon ya nuna 12.1, wato kusan rabin cikinsa fanko ne. Mitarmu a gaba tana nuna 62.9, tana cewa kusan a cike ake.

"Wagga mita ba ƙarya takai ba," in ji shi. "Buhu biyar kuka ɗora bisa sikeli guda. Ta ba ku nauyinsu duka, ba ta iya gaya muku wanne ya huje."

Ya sa aka loda buhunan shinkafa, ya zauna a gefe da wayoyinsa a kan batirin nan, ƙanena ya ja zuwa wani ɗan hawa. Sauran suka ɗan sunkuya, shi kuwa ya zube ƙasa da 9. Na'urar da ke sarrafa wutar keken an yi ta ne ta yanke idan jimilla ta sauka ƙasa da wani mizani, don ta kare batura. Ɗaya ya durƙusa, sai ta kashe duka.

Batun ruwan ma a nan ya warware. Batir yana ƙone ruwa ne a ƙarshen caji, lokacin da ya cika ya fara tafasa. Caja ita ma jimilla take gani. Huɗun nan suna cika har su wuce, suna tafasa, jimilla ta kai inda caja ke tsayawa, shi kuwa na farkon bai kai ba. Kullum a haka, har wani farin gishiri mai tauri ya fara kama farantan dalmarsa. Wanda ƙanena ke yabo, yunwa ce take kashe shi.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa shi kaɗai? Dattijon ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya jawo siraran wayoyi biyu da aka naɗe da baƙin salatif. Muka bi su. Ɗaya reshe ya tafi rediyo, ɗaya ya tafi ƙwan zaure, ga kuma soket inda abokan ƙanena ke cajin waya a kasuwa. Duk waɗannan bolt 12 suke so, sai wanda ya haɗa su ya ɗebo daga batiri mafi kusa. Wata da watanni batir ɗaya yana aikin dare da rana, huɗu suna aikin rana kawai.

Ba na ganin laifin kowa a nan, kuma abin yana damuna ne don na san zai ƙara faruwa. A 2021, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt, ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa, an buɗe tashar cajin motoci mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Abin alfahari ne. Amma ababen hawa masu batir suna riga masu gyaransu isowa garuruwa irin namu, kuma a nan kowa da wutar mota mai batir ɗaya ya saba.

Dattijon ya yanke wayoyin, ya sa ƙaramar konbata da ke karɓar 60 daga dukkan baturan ta sauke shi zuwa 12, aka mayar da rediyo da ƙwai a kanta. Batirin nan aka ciro shi aka yi masa caji shi kaɗai kwana biyu. Ya ɗan farfaɗo, amma da aka ɗora masa nauyi ya sake zubewa, dole aka sauya shi. Dattijon ya ce haɗa sabo da tsofaffi ba shi ne daidai ba, sai dai aljihu ba ya ɗaukar biyar, kuma huɗun da sauran ƙarfinsu.

Ƙanena ya sayi abin awo irin na dattijon. Duk Juma'a da safe, kafin ya kunna keken, yakan ɗaga kujera ya rubuta lambobi biyar a jere. Makon jiya ya kai kaya Kebbe ya dawo kafin la'asar, ya kira ni yana ƙofar gida.

"Yaya, na bar shi ya huta. Hamsin da biyar take nunawa."